Yadda Na Shawo Kan Tsuntsayen Daji Suka Saba da Lambuna

Mako uku cur mazubin abincin tsuntsaye na farko da na kafa ya yi babu tsuntsun da ya ko kalle shi. Na cika shi da tsaba har baki, na dasa shi a tsakiyar lambu, fili fetal, inda zan riƙa hango shi daga kujerata ba tare da wani ganye ya tare mini ba. Kullum da safe in leƙa, tsaba tana nan yadda na bar ta, sai tururuwa da suka gano hanya. Abin haushin kuma, tsuntsayen suna nan. Ina jin kukansu a bishiyar maƙwabta, ina ganin giftawarsu ta saman kaina, amma kamar an yi musu kashedi da ni.

Famfo mai yoyo ne ya buɗe mini ido. A bayan ɗaki, gindin wata 'yar itaciya mai duhuwa, akwai famfon da na daɗe ina cewa gobe zan gyara. Wata safiya na zagaya, sai na tarar da 'yan tsuntsaye shida ko bakwai jere a reshe. Wannan ya sauko ya kurɓa ya koma, wancan ya sauko. Ko ƙwayar hatsi ɗaya babu a wurin. Ruwa ne kawai, sai maɓoya taku biyu daga ruwan.

A nan na gane da idon mutum na yi lissafina. Ni abinci nake tunani, shi kuwa ƙaramin tsuntsu kafin ya tambayi abin da zai ci, sai ya tambayi inda zai tsere. Shaho na nemansa ta sama, kyanwa ta ƙasa, maciji a reshe. Halittar da ke cikin wannan hali ba za ta sauka tsakiyar fili ta sunkuyar da kai ba don kawai ka zuba mata gero. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan ya samo asali.

Wurin da za ka ajiye mazubi

Da na cire mazubin daga tsakiyar fili na mayar da shi kusa da waccan itaciya, kwana huɗu aka yi baƙin farko suka sauka. Tsabar ba ta canza ba, mazubin ma shi ne dai.

Tazarar da ta yi mini aiki ita ce mita biyu zuwa uku tsakanin mazubi da wata duhuwa, ko shinge mai ganye, ko bishiya mai rassa ƙasa-ƙasa. In ya yi nisa fiye da haka, ƙanana ba sa yarda su ratsa filin. In kuma ka cusa shi cikin duhuwar, kyanwa ka shirya wa liyafa, don za ta laɓe ƙarƙashin ganye ta yi tsalle ɗaya. Abin da kake nema shi ne tsuntsu ya iya shigewa cikin ganye da fiffike biyu, amma mai farauta ba zai iya isowa ba sai an gan shi. In lambunka sabo ne babu itace, ka tara busassun rassa tsibi guda a gefe, ko ka kafa reshe mai yatsu da yawa a ƙasa kamar bishiya. Ba shi da kyan gani, na sani. Amma ka lura da yadda tsuntsu ke zuwa cin abinci: da wuya ya faɗa kan mazubi kai tsaye. Sai ya fara sauka a reshe, ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga kai sama, sannan ya ƙarasa. In babu wannan zangon, da yawansu wucewa za su yi.

Tsawon mazubi daga ƙasa ya kai kamar mita ɗaya da rabi. Ka nemi wurin da ke samun inuwa da tsakar rana, wanda iska mai ƙarfi ba ta dukansa, kuma ba bakin ƙofar da ake shige da fice ba.

Sai maganar taga, wadda ni ban ɗauke ta da muhimmanci ba sai da na tsinci gawar wata kurciya a ƙarƙashin tagar falona, ga shatin fukafukanta ya fito sarai a jikin gilashin kamar an zana da alli. Tsuntsu bai san gilashi ba. Abin da yake gani a ciki hoton sama ne da bishiyoyi, sai ya nufe su da dukkan ƙarfinsa. Wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai tsuntsaye miliyan 365 zuwa miliyan 988 ke mutuwa kowace shekara ta karo da gine-gine, galibi gilashinsu. Masanin tsuntsaye Daniel Klem, wanda ya shafe shekaru masu yawa a kan wannan matsala, ya nuna wani abu da zai ba ka mamaki: mazubin da ke dab da taga, ƙasa da mita ɗaya, ya fi aminci a kan wanda ke mita huɗu ko biyar. Dalili kuwa, tsuntsun da ya firgita ya tashi daga kusa bai tara gudun da zai kashe shi ba in ya bugi gilashin. Saboda haka ko dai ka matso da shi sosai, ko ka kai shi can nesa, fiye da mita goma. Tsakiyar ce mugun wuri. In ba yadda za ka yi, ka yi wa gilashin ɗige-ɗige ko zane ta waje, da fenti mai wankuwa ko 'yan takardun mannawa, kada tazara tsakaninsu ta wuce santimita 5. Hoton shaho guda ɗaya da wasu ke mannawa a tsakiyar taga ba ya hana komai, tsuntsu zagaye shi yake yi ya bugi gefe. Ragar sauro da ke ta wajen gilashi ma tana taimakawa ƙwarai.

In ka sami wanda ya bugu bai mutu ba, ka sa shi cikin kwali mai 'yan huji, ka rufe, ka ajiye a wuri mai shiru na awa ɗaya ko biyu. Kada ka ɗura masa ruwa, shaƙewa zai yi. Wasu sukan farfaɗo su tashi, wasu kuwa jini ya riga ya taru musu a ka.

Ruwa kafin hatsi

Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin mazubin tsaba da kaskon ruwa, ruwa zan ɗauka ba tare da na yi dogon tunani ba. Tsaba masu cin tsaba kaɗai take kira. Ruwa kuwa kowa na buƙata, har masu cin ƙwari da masu cin 'ya'yan itace waɗanda ba za su taɓa kallon geronka ba. Kuma ba sha kaɗai ba ne. Wanka yana cikin abin da ke gyara gashin tsuntsu, gashin nan kuwa shi ne rigarsa, shi ne abin tashinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zurfi. Bokiti ko babbar roba cike da ruwa tarko ce, ƙanana kan faɗa ciki su kasa fita. Ka nemi abu mai faɗi marar zurfi, kasko ko tire ko faifan da ake sawa ƙarƙashin tukunyar fure. Ruwan ya fara daga santimita ɗaya ko biyu a gefe, kada ya wuce biyar a tsakiya. Gindin ya zama mai kaushi, don ƙafar tsuntsu tana zamewa a kan abu mai santsi, kuma in ta zame sau ɗaya ba ya dawowa da wuri. Ni nakan sa dutse mai faɗi a tsakiya wanda kansa ya ɗan fito, da 'yan tsakuwa a gefe guda.

Dabarar da famfona ya koya mini ita ce ɗigo. Ruwa mai motsi yana walƙiya, yana ƙara, tsuntsu na hango shi daga nesa. Ka sami gorar roba, ka huda gindinta da allura huji ɗaya tak, ka cika ta, ka sassauta murfin kaɗan, ka rataye ta sama da kaskon ta riƙa ɗiga ɗis, ɗis. Lita biyu takan kai ni rabin yini. A duk abin da na gwada, babu wanda ya kawo mini sabbin baƙi da sauri kamar wannan gora, alhali ita ce ban kashe mata ko kwabo ba.

Ka riƙa zubar da ruwan kullum kana sa sabo. Sauro yakan ɗauki kamar mako guda zuwa kwana goma daga ƙwai zuwa mai fiffike, don haka ruwan da ake sauyawa kullum ba ya haifar da shi. Inda ake ƙanƙara kuma, sai ka zuba ruwan ɗumi da safe ya narkar da ita, amma kada ka sa gishiri ko wani magani don hana daskarewa.

In ka zauna kallo za ka ga wani abin sha'awa. Yawancin tsuntsaye sukan ɗebi ruwa a baki su ɗaga kai sama ya gangara. Kurciya da tattabara kuwa tsoma baki suke yi su zuƙa kamar doki, ba sa ɗagowa sai sun ƙoshi.

Abin da za ka zuba

Bakin tsuntsu shi ke gaya maka abincinsa. Gajere mai kauri irin na gwara da kanari, na fasa tsaba ne. Siriri mai tsini, na kama ƙwari ne. Dogo mai lanƙwasa, na shan ruwan fure ne. Kafin ka sayi komai, ka yi kwana biyu kana kallon waɗanda ke giftawa ta wurinka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, abincin gidansu kuma yake nema.

Ga masu cin tsaba, abu biyu ne ginshiƙi. Na farko gero mai ƙananan ƙwayoyi, wanda duk masu kiwo a ƙasa ke so. Na biyu ƙwayar sanfulawa, furen nan mai faffaɗar fuska ruwan ɗorawa, musamman baƙar mai yawan mai, don ɓawonta ba shi da kauri, ƙaramin baki ma na iya fasa shi. Wadda aka ɓare ta fi tsada amma ba ta barin shara, sai dai ta fi saurin lalacewa in ta jiƙe. Akwai kuma wani baƙin iri siriri da ake nomawa a Habasha da Indiya, wanda dangin kanari ke so matuƙa, amma sai da mazubi mai 'yan ƙananan huji, in ba haka ba zubewa yake kamar yashi.

Gaurayen tsabar da ake sayarwa cikin leda da araha kuwa, ka duba shi da kyau. Sau da yawa alkama da jar dawa mai manyan ƙwayoyi ne suka cika shi. Ƙanana za su tsince abin da suke so su watsar da sauran ƙasa, sauran nan kuma shi ke kiran ɓeraye da tarin tattabaru. Na fi son in sayi iri biyu dabam-dabam in zuba kowanne a nasa mazubin. Da haka kake gane wanda ake ci da wanda ake bari.

Gyaɗa abinci ce mai ƙarfi, amma tana da sharaɗi. Ba mai gishiri ba, ba mai yaji ba, sannan ba wadda ta yi funfuna ba ko kaɗan. Funfunar gyaɗa tana fitar da guba mai suna afulatoksin wadda ke lalata hanta, kuma tsuntsaye ba sa jure ta. Ta hanyar tsuntsaye ma aka gano ta: a 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu har aka iske garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil a cikin abincinsu. Ƙa'idata ita ce gyaɗar da ba zan iya ci da bakina ba, ba na ba tsuntsu. Ka sa ta cikin mazubin ragar ƙarfe yadda sai an tsattsage ta za a ci, ko ka daddaka ta. A lokacin ƙyanƙyasa iyaye kan ɗauki guda sukutum su kai sheƙa, ta maƙale wa ɗan a wuya.

'Ya'yan itace suna kawo wani jinsin baƙi dabam. Rabin lemo, ko ayabar da ta nuna sosai, ko gwanda, ko tuffa, ka soke a ƙusa ko a tsinin reshe. Da yamma ka cire ragowar. Kitse kuma yana da amfani inda sanyi ke da tsanani, shi ke jawo maƙwaƙwafi, amma a wuri mai zafi narkewa yake, ya yi wari, ya ɓata gashin tsuntsu. In ka sayi dunƙulen kitse cikin ragar leda, ka cire ragar, tana kama ƙafa.

Masu shan ruwan fure ana haɗa musu farin sukari kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu. Ba zuma, ba kala. A lokacin zafi kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi ya yi tsami, in ba za ka iya wanke kwalbar a kai a kai ba, ka dasa musu furanni kawai ka huta.

Abubuwan da ba na bayarwa: duk abin da ke da gishiri, madara, cakulan, fiya, da ragowar miya mai maiƙo. Burodi ba guba ba ne amma cika ciki ne kawai. Zancen da ake yi cewa ɗanyar shinkafa tana kumbura ta fasa cikin tsuntsu kuwa ba gaskiya ba ne, ai manoman shinkafa da sun huta da gadi.

Game da mazubin kansa ba zan ja magana ba. Akwai mai siffar bututu da ake ratayawa, akwai tire, akwai mai rufi kamar ɗan gida. Kowanne ka ɗauka, tambaya biyu ce: ruwan sama na shiga ya kwanta a ciki? Zan iya kwance shi in wanke kowane lungu? Na taɓa sayen wani mai ado da baranda da tagogi, kyakkyawa ƙwarai, wata biyu na jefar da shi don hannuna ba ya shiga cikinsa.

Ka fara da kaɗan. Tafi ɗaya ko biyu ya isa, ka zuba da sassafe, don lokacin ne tsuntsu ya fi jin yunwa bayan ya kwana yana ƙona abin da ya ci. Ka ɗan barbaɗa wasu ƙwayoyi a kan rufin mazubin ko a wani dutse kusa, saboda da ido tsuntsu ke neman tsaba. Daga nan sai haƙuri. Wani wurin kwana biyu, wani wurin wata guda. Kada ka yi ta sauya masa wuri kowace rana. Yawanci gwara ko kurciya ke fara karya ƙofa, sauran kuma sai sun ga wani yana ci lafiya sannan su sauko. Tsuntsu shi ke kiran tsuntsu.

Tsafta, inda yawancinmu ke faɗuwa

Nan ne zan daɗe, don nan ne garin neman gira ake rasa ido. A daji tsuntsaye a warwatse suke cin abinci. Kai kuma ka tara iri-iri a faranti ɗaya, wannan ya tofa, wancan ya yi kashi, na uku ya zo ya ci a wurin, kullum, shekara da shekaru. In ɗaya ya zo da cuta, ka gina mata kasuwa.

Ba tsoratarwa ba ce, ya faru. A 2005 wata cuta ta ɓulla cikin ƙananan tsuntsayen lambu a Birtaniya. Ƙwayar da ke kawo ta, Trichomonas gallinae, an daɗe da saninta a jikin tattabaru da kurciyoyi. Tana kama maƙogwaro, ya kumbura, tsuntsu ya kasa haɗiya, ya riƙa dawo da tsabar da ya ɗauka jiƙe da yawu, wani ya zo ya ci. Wani ɗan koren tsuntsu mai cin tsaba da ake kira girinfinc, wanda a da yake ko'ina a lambunan ƙasar, ya ragu har a 2021 aka sa shi cikin jerin waɗanda aka fi jin tsoron ƙarewarsu a can. Abin ya kai ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta dakatar da sayar da mazubai masu shimfiɗaɗɗen tire a farkon 2025, saboda zargin cewa a kansu cutar ta fi yaɗuwa. A gabashin Amurka kuma, tun 1994 wata cutar ido ke bin wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, idanu su kumbura su rufe, kuma mazubi na cikin wuraren da ake ɗaukarta. Akwai kuma ƙwayar cutar salmonela, wadda ba ta tsaya kan tsuntsaye ba: a 2021 hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta danganta rashin lafiyar wasu mutane da taɓa tsuntsayen daji da mazubansu.

Ga yadda nake yi. Sau ɗaya a mako nakan zazzage ragowar tsaba in zubar, ba na ƙara sabuwa a kan tsohuwa. In kwance mazubin, in goge shi da buroshi da ruwan sabulu mai zafi har duk abin da ya manne ya fita. Sannan in jiƙa shi minti goma a ruwan bilic mai kulorin, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara. In ɗauraye sosai, in shanya a rana. Shanyar nan ba ƙaramin mataki ba ne, don waccan ƙwayar cutar maƙogwaro ba ta daɗewa a busasshen wuri, danshi ne rayuwarta. Shi ya sa nake da mazubi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na bushewa. Kaskon ruwa ma haka, gogewa kullum, kuma lokaci-lokaci in bar shi ya bushe ƙayau.

A waje nake wankin, da bokiti da buroshin da ba a amfani da su ga komai sai wannan. Ba a wurin wanke kwanonin abinci ba. Safar hannu, sannan wanke hannu da sabulu.

Ƙarƙashin mazubi ma wuri ne da ake mantawa. Ɓawo da kashi da jiƙaƙƙiyar tsaba suna taruwa, kuma a nan masu kiwon ƙasa ke ci. Ka share, kuma duk wata ka matsar da mazubin mita ɗaya ko biyu don ƙasar ta huta.

Ka san kamannin marar lafiya. Zai zauna shiru ya bubbuɗa gashi kamar ƙwallo, sauran su tashi shi bai tashi ba, gashin fuskarsa a jiƙe, yana ta ƙoƙarin haɗiya, ko ido a kumbure. Zuciya za ta ce maka ka ƙara masa abinci. Akasin haka ya kamata. Ka sauke mazubai duka, ka kife kaskon ruwa, ka wanke, ka bar wurin babu komai na mako biyu zuwa huɗu don taron ya watse. Na yi haka sau ɗaya, kuma ba daɗi, suna zuwa suna sauka a reshe suna kallon inda mazubin yake. Amma sun dawo bayan na mayar. Gawa kuwa kada ka taɓa ta da hannu tsirara. In kana kiwon kaji ko agwagi, ka nisanta mazubi daga gare su, in kuma ana murar tsuntsaye a yankinku ka sauke shi gaba ɗaya.

Tsabar ajiya ka sa ta cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, a wuri busasshe. Ɓera yana huda roba. In ta dunƙule ko tana warin danshi, ta tashi daga abinci.

Baƙin da ba ka gayyata ba

Ɓeraye abin da ya kwana a ƙasa suke bi, don haka maganinsu shi ne ka zuba abin da zai ƙare kafin magariba. Kada ka sa gubar ɓera, mujiya ko shaho zai ci ɓeran ya mutu. Kuregen bishiya gwanin tsalle ne, sai ka ɗora mazubi a kan bututun ƙarfe mai santsi, nesa da reshe da katanga, ka kifa masa wani abu mai siffar mazurari a ƙasan mazubin. Wasu sukan gauraya garin barkono da tsaba, saboda tsuntsaye ba sa jin zafin barkono yadda dabbobi masu shayarwa ke ji. Gaskiya ne, amma ni na daina ranar da iska ta mayar mini da shi ido. Tattabaru da hankaki in sun yi yawa, ka kewaye mazubin da ragar waya mai huji kamar santimita huɗu, ƙanana su shige, manya su tsaya waje. Wasu biranen ma sun hana ciyar da tattabaru a wasu filayensu, kamar Landan da Banis ta Italiya, don haka ka san dokar inda kake, ka kuma kula da maƙwabcin da shanyarsa ke ƙarƙashin hanyar tsuntsayenka.

Kyanwa ita ce babbar matsala. An ƙiyasta a 2013 cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a shekara a Amurka, akasari marasa gida. In kana da ita, ka tsare ta a ɗaki da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana. Ƙararrawa a wuya tana ragewa, ba ta hanawa. In kyanwoyin unguwa sun mayar da lambunka wurin farauta kuma ka rasa yadda za ka yi, gara ka haƙura da mazubin.

Shaho kuwa ban ɗauke shi abokin gaba ba. Ranar da ya fara faɗowa ya ɗauki gwara a gabana raina ya ɓaci, amma shi ma tsuntsun daji ne, kuma na ce ina son tsuntsayen daji. In ya matsa, ka sauke mazubi kwana kaɗan, zai nemi wani wurin.

Ana yawan tambayata ko ciyarwa na sa su zama cima-zaune. Wani bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka kan wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da ake kira cikadi ya nuna cewa a tsakiyar hunturu ma kusan kashi ɗaya cikin biyar na abincinsu kawai suke samu daga mazubi, sauran a daji suke nema. Saboda haka in tafiya ta kama ka, ka tafi abinka. Sai dai kada a ce ciyarwa ba ta canza komai. Tun wajen shekarun 1960 wasu tsuntsaye masu baƙar hula daga tsakiyar Turai, maimakon su yi kudu kamar yadda kakanninsu suka saba, suka koma yin hunturu a Birtaniya, kuma masana sun danganta ɗorewar wannan sabuwar hanya da abincin lambuna tare da sassaucin sanyi.

Abin da mazubi ba zai iya yi ba shi ne renon 'ya'ya. Hatta yawancin masu cin tsaba da tsutsa da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu a sheƙa. Lambun da aka feshe da maganin ƙwari har ya zama ba abin da ke motsi, ko ka zuba buhun gero, masu wucewa kawai za ka samu. Ni na daina feshi, na bar wani lungu ciyawa ta yi tsawo ta fitar da kai, na bar busasshen ganye a gindin shinge, na kuma dasa itatuwan da asalinsu na yankin ne, don su ƙwarin wurin suka sani. A shekara ta biyu na ga sheƙar farko.

Ka ajiye ɗan littafi kusa da taga. Kwanan wata, lokaci, wa ya zo, me ya ci. In ba ka san sunan tsuntsu ba, manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell tana ganewa daga hoto ko kuka, ko da yake ta fi ƙwarewa a wasu yankunan duniya fiye da wasu. A shafin intanet na eBird kuma kana iya shigar da abin da ka gani ya shiga hannun masu bincike, kuma duk watan Fabrairu akwai ƙidayar tsuntsayen gida ta kwana huɗu da aka fara a 1998, wadda tun 2013 kowa a duniya ke iya shiga da kallon minti 15. Ni kafin in san sunayensu na gaskiya nawa na raɗa musu. A shafin farko na littafina akwai "mai jan gindi", da "sarkin faɗa", da wata kurciya mai ɗingishi da na sa wa "Hajiya", wadda ta yi shekara biyu tana sauka ƙarfe bakwai saura kwata, ta kori kowa daga kan dutsen tsakiyar kasko, ta sha, sannan ta bar wa sauran. Famfon nan kuwa na gyara shi daga baya, amma sai da na rataya gorar ɗigo a reshen da ke samansa.